Mene ne wasan "platform", kuma me ya sa a da ake ce masa wasan hawa?

Masu buga gem sukan ce wasa kaza "platform" ne. Ba dandalin sada zumunta suke nufi ba, ba kuma na'urar da ake buga wasan a kanta ba. Wasa ne da ɗan mutumin da kake juyawa yake tafiya a kan dandamali hawa-hawa, kana kallonsa daga gefe, yana tsallake rami, yana hawa tsani, yana kauce wa abin da zai kashe shi. Wanda ya taɓa buga Super Mario a 'yar na'urar nan da ake jona wa talabijin ya san irinsa, ko da bai san sunan ba.

Da farko ma babu tsalle a ciki. A 1980 kamfanin Universal na Japan ya fitar da Space Panic a manyan akwatunan wasa da ake jefa wa kwabbai. Tsani kawai ake hawa, a haƙa rami dodo ya faɗa. A 1981 Shigeru Miyamoto na Nintendo ya yi Donkey Kong, inda wani ɗan gajere mai gashin baki, wanda daga baya aka raɗa wa suna Mario, yake tsallake gangunan da goggon biri ke mirgino masa. Mujallun Amurka na lokacin wasannin hawa suke ce wa irin waɗannan. Sunan da ake kira yanzu daga baya ya bazu.

Inda salon ya yi ƙarfi sosai shi ne kwamfutocin gida na farkon shekarun 1980: Apple II da Atari a Amurka, Commodore 64, da ZX Spectrum wadda Sinclair ya fitar a Birtaniya a 1982. Babbar Spectrum ta lokacin kilobayit 48 ce duk ƙwaƙwalwarta, hoto ɗaya na wayar yau ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Da kaset na rikoda ake loda mata wasa, a zauna mintoci ana jin ƙara kafin ya buɗe. Ga na'ura irin wannan, gungura hoton allo gaba ɗaya, wato fili ya riƙa matsawa yana bin ɗan mutumin, aiki ne ja. To idan allo ɗaya ke gare ka, ta ina za ka samu fili? Sai ka yi gini sama, bene kan bene, ka haɗa su da tsani.

Bill Hogue ya yi Miner 2049er a 1982, mai allo 10, inda dole ka taka kowane taku na dandamali kafin ka wuce. Shi ya zaburar da Matthew Smith, wani matashi ɗan Ingila da bai kai shekara 20 ba, ya rubuta Manic Miner a 1983. Kogo 20 ne. A kowanne sai ka tattara abubuwan da ke walƙiya kafin iskar shaƙarka ta ƙare, ƙasa tana zaizayewa ƙarƙashin ƙafarka, abokan gaba kuwa har da tarho da masai masu yawo. Idan ka yi tsalle ka yi ke nan, ba a gyara shi a sama, kuma faɗowa daga nesa mutuwa ce. Babu ajiye wasa a dawo gobe; rayukanka suka ƙare, sai kogon farko. A ganina a nan daɗin yake: komai yana gabanka a allo, ba a ɓoye maka komai ba, lissafin taku ne kawai ya rage.

Shekarar ce kuma Doug Smith ya fitar da Lode Runner a Apple II, mai mataki 150, babu tsalle ko ɗaya, har da damar mai wasa ya zana nasa matakan. Saboda irinsa ne har yau ake musu ko tsalle sharaɗi ne kafin wasa ya shiga wannan sahu. Ni dai ina sa shi a ciki.

Da Super Mario Bros ya fito a 1985 a na'urar Nintendo mai iya gungura allo ba gargada, tafiya ta koma daga hagu zuwa dama. Tsani ya ɓace daga wasan, sai 'yar kurangar da ke tsirowa daga bulo jefi-jefi, masu mujallu kuma suka daina cewa wasan hawa.