Kukan jariri a lokacin haihuwa

Kukan jariri shi ne sautin farko da ɗan Adam yake yi da zarar ya faɗo duniya, kuma shi ne abin da ungozoma da nas da dangin da ke bakin ƙofa suke kasa kunne su ji tun kafin a tambaya mace ce ko namiji. A cikin ciki huhun ɗa cike yake da ruwa, iskar da yake buƙata ta mabiyiya da cibiya take zuwar masa, to da ya fito sanyin waje ya buge shi sai ya ja numfashi da ƙarfi, fitar wannan iskar ta maƙogwaro shi ne inyaa inyaa ɗin da ake ji, kuma kukan kansa yana taimakawa wajen tura ragowar ruwan da buɗe ƙananan jakunkunan huhu. Kafin kuka ya fita daidai sai huhu da maƙogwaro da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da suka haɗa su sun yi aiki tare, shi ya sa likitoci ba sa ɗaukarsa hayaniya kawai. Hawaye kam babu, sai bayan wasu makonni suke fara zubowa. A Musulunci ma an ambaci wannan kukan, akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya danganta shi da shafar Shaiɗan, in ban da Maryam da ɗanta Annabi Isa.

Minti na farko

A asibiti ana auna jariri da makin Apgar, sunan wata likitar Amurka ce Virginia Apgar wadda ta tsara shi a 1952 ta wallafa a 1953. Abu biyar ake dubawa, bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓɓai, launin jiki da yadda yake amsawa in an taɓa shi, kowanne maki 0 zuwa 2, a minti ɗaya da haihuwa sannan a minti biyar. Kuka ya shiga biyu daga ciki: wanda ya canyara kuka da ƙarfi ya ci makin numfashi gaba ɗaya, haka in an murza tafin ƙafarsa ya yi kuka maimakon ya yamutsa fuska kawai. Maki 7 zuwa 10 lafiya ke nan.

Wajen jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar a taimaka masa kafin ya fara numfashi, yawanci bayan doguwar naƙuda, ko jijjiga ta kama uwar, ko bakwaini ne. Tsarin horon ungozomomi na Helping Babies Breathe da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito da shi a 2010, wanda ake koyarwa a Najeriya ma, da goge jariri sosai da busasshen zane yake farawa, sai tambaya ɗaya, shin yana kuka? In yana yi, a ɗora wa uwar shi a ƙirji fata da fata a rufe su. In shiru ne a murza bayansa sau biyu ko uku, a share baki da hanci in wani abu ya toshe, in har yanzu bai ja numfashi ba a sa masa robar hura iska a fuska kafin minti ɗaya ya cika. Abin da aka saba yi a gida na riƙe ƙafafu a juya kai ƙasa ana mari, ko sheƙa masa ruwan sanyi, ko buga kwano a kusa da kunnensa, duk cin lokaci ne, ruwan sanyin ma ƙara masa wahala yake, kuma kowane minti da ya wuce ƙwaƙwalwa tana rasa iska. Da yawan yaran da ake gani sun shekara wuyansu bai tsaya ba, in an bi tarihi za a ji uwar ta ce ai da na haife shi ya daɗe bai yi kuka ba.

Amma fa ba duk mai shiru ne ke cikin haɗari ba, wani zai buɗe ido yana numfashi lafiya lau jikinsa ya yi ja, wannan ba sai an tsokane shi ba.

Kalar kukan

Masu bincike a Finland, ƙarƙashin Ole Wasz-Höckert, tun shekarun 1960 suka fara naɗar kukan jarirai suna zana shi da na'ura. Kukan lafiyayye sautinsa yana kai wajen hatz 400 zuwa 600 (hatz ma'aunin kaɗawar sauti ne, yawansa na nufin sirantar murya), yana hawa ya sauka da ɗan hutu don jan iska. Na wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu yakan yi siriri ya haura 1,000, gajere, yana tsinkewa yana sauya murya ba tsari, iyaye mata da suka haihu da yawa sukan gane shi ko ba na'ura, su ce kukan nan ba irin na sauran ba ne.

Wannan siririn kukan mai tsini ana jinsa ga wanda ya rasa iska wajen haihuwa, da mai sanƙarau, da wanda sikarin jininsa ya faɗi, da kuma mai shawara da ta yi yawa har ta hau kai, shi wannan za a ga ido da jiki sun yi rawaya, ya ƙi nono, yana banƙarewa. Jaririn da uwarsa ta daɗe tana shan kodin ko tiramadol da ciki shi ma yakan yi irinsa bayan kwana ɗaya zuwa uku, yana karkarwa ba ya rarrasuwa.

Kuka mai rauni kamar ana matso shi, ko ɗa ya daina kuka gaba ɗaya ya zama lagwas, ya fi yawa ga bakwaini da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa. Nan ne ake yawan yaudaruwa, a ce yaron nan ba shi da rigima, alhali ƙarfin rigimar ne babu. Nishi a ƙarshen kowane numfashi kuwa ba kuka ba ne, ƙoƙari yake ya hana huhunsa rufewa, in aka haɗa da haƙarƙari na lotsawa ciki da hanci na buɗewa to asibiti nan take.

Sarƙe haƙora tana da nata tsarin da ba ya ɓuya: ɗa ya yi kuka ya sha nono lafiya kwana biyun farko, sai tsakanin kwana 3 zuwa 28 baki ya ƙi buɗuwa, kukan ya shaƙe, jiki ya sandare. Ta cibiya take shiga, reza mai datti ko abin da aka shafa a kai, kuma allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki wajen awo tana hana ta. Murya a dishe mai kauri kuma, da yawan barci da shawara mai daɗewa, tana iya nuna ƙarancin sinadarin tayirod da wata gaɓa a gaban wuya take samarwa, wanda in an gano da wuri ƙwaya ɗaya a rana ta wadatar.

Akwai wata cuta da sunanta ma daga kukan aka samo shi, cri du chat, wato kukan kyanwa da Faransanci. Likita Jérôme Lejeune ne ya bayyana ta a 1963, wani yanki ne na kuromosom na 5, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, yake ɓacewa, ana samunta wajen ɗaya cikin haihuwa 20,000 zuwa 50,000.

Na'ura da kunne

Wani ɗan Najeriya Charles Onu ya kafa kamfanin Ubenwa a Montreal ta Kanada, sunan da Ibo yana nufin kukan jariri, suna koya wa kwamfuta ta saurari kuka ta waya ta gano alamar rashin iska, sun tattara kukan jarirai a asibitocin Najeriya da Kanada da Burazil. Dabara ce mai kyau ga wurin da ba likitan yara, sai dai kuka shi kaɗai ba ya faɗin sunan cuta, siririn kuka ɗaya zai iya zama sanƙarau ko sikari ko shawara, sai an duba maɗiga da zafin jiki da yadda yake kama nono, an kuma ɗebi jini, kafin a san wanne ne.