Kajin sake ma ba kyauta suke ci ba, mu yi lissafin ƙwai tukuna

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyayenmu mata da kuma matasa masu ɗan fili a bayan gida ko a gona da suke son su fara sana'ar ƙwai da kajin sake. A wajen aikinmu na malaman gona abinda aka fi zuwa mana dashi shine wai ai in aka saki kaji suka yi kiwo da kansu shikenan an huta da sayen abinci, ƙwan da za'a ɗiba riba ce zalla. Toh wannan tunanin ne yake cinye jarin mutane da yawa. Kaji goma da kike gani suna yawo a tsakar gida suna ƙoshi da tsaba da ƙwari da ragowar tuwo, in kika mai dasu hamsin tsakar gidan nan bata ƙaru ba, ƙwarin basu ƙaru ba, abincin goma ne hamsin zasu raba, sai kiga kaji suna ta yawo lafiyarsu ƙalau amma babu ƙwai, saboda abinda suka tsinta iya na riƙe rai ne.

Mu fara da irin kazar. Kazar Hausa tamu ta gida akwai juriya, ga iya kwanci da rainon 'yan tsaki, amma a shekara ƙwanta baya wuce 40 zuwa 60, tayi 10 ko 15 ta kwanta akai sati uku, sannan ta ɗau watanni tana jan 'ya'ya. In tara kaji kake so domin sallah ko biyan wata buƙata, ba kamarta. In ƙwai zaka sayar kullum kuwa ba zata riƙe maka kwastoma ba. Masu ɗan sake da ɗan ciyarwa sun fi komawa wajen Noiler ko FUNAAB Alpha ta jami'ar noma ta Abeokuta, suna iya tsince-tsince kuma in an kula dasu ƙwansu ya ninka na kazar gida sau uku ko fiye. Akwai kuma Shika Brown da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI dake Shika kusa da Zariya ta samar domin yanayinmu, da su ISA Brown na manyan gonaki, waɗannan sun fi kowa ƙwai amma basu san yafiya ba, ranar da abinci ya gaza ko ruwa ya yanke zaka gani a kiret, kuma basu da wayon gujewa shaho.

Yanzu ga lissafin, kuma da ƙwai zamu yi shi tunda farashin naira kullum canzawa yake. Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 50 kenan kusan kilo 6 a rana, buhu mai kilo 25 zai yi maka kwana huɗu da ɗan wani abu. In a cikin 50 ɗin 30 suna yin ƙwai kullum, kana da kiret ɗaya a rana, kiret huɗu akan kowane buhu. Sai kaje kasuwa ka tambayi kuɗin buhu ka tambayi kuɗin kiret ka raba. Mu ɗauka misali kuɗin buhu yayi daidai da kiret uku, toh kaga kiret ɗaya ne naka a kwana huɗu, kuma a cikinsa ne za'a cire magani da rigakafi da ƙwan da ya fashe da kuɗin mashin zuwa kasuwa. In ƙwan ya sauka zuwa 22 a rana, a kwana huɗu 88 kenan, ko kiret ukun bai cika ba, wato mai sayar da abinci kake yiwa aiki kai da kajinka duka, kuma baza ka gane ba saboda kullum kana ganin kuɗi na shigowa hannunka. Wannan lambar, iya ƙwan da dole ka samu a rana kafin abinci ya biya kansa, ka rubuta ta da gawayi a bangon akurki, duk sanda farashi ya motsa ka sake ta.

Anan ne sakin yake da amfaninsa na gaskiya, yana rage maka abinda zaka zuba. Da damina da bayan girbi kaji suna samun ƙwari da ciyawa da tsabar da ta zube, zaka iya rage awo kana kallon ƙwai, in bai sauka ba ka cigaba, in ya sauka ka mayar. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa kuwa ƙasa a bushe take, ba abinda suke tona sai ƙura, a lokacin ka ɗauka kamar a kulle suke ka basu cikakken abinci. Masu cewa dusa kawai suke bayarwa, dusa cika ciki ce, bata da abinda zai gina ƙwai. Mai ƙwai tana buƙatar furotin wajen kashi 16 cikin 100 a abincinta da kuma sinadarin da ke gina ɓawo, shi yasa ake haɗa masara ko dawa da ƙuli-ƙuli ko waken soya, da garin ƙashi ko dutsen farar ƙasa da masu kayan kaji ke sayarwa, da ɗan gishiri da firimis, wato haɗin bitamin da ma'adanai da ake sawa a abincin kaji. Waken soya dole a soya shi ko a dafa kafin a niƙa, ɗanyensa yana hana kaza narkar da abinci. Masara ko gyaɗar da tayi fumfuna kar a ce ai kaji ne a zuba musu, gubar dake ciki tana taɓa hanta tana rage ƙwai. Ɓawon ƙwan da aka ci a gida a shanya a gasa a daka a mayar musu, amma a daka sosai kar su gane ƙwai ne su koyi fasa nasu. Gara kuma ai tsofaffinmu sun riga mu, tsohuwar tukunya da karmami da busasshen kashin shanu a ɗan jiƙa a kife a inda gara take, da safe a juye musu. Ganyen zogale shima a rinƙa basu, shi da ciyawar da suke ci ne suke sa gwaiduwa tayi jawur, kuma wannan launin kuɗi ne, zan dawo kansa.

Abinda mutane suke mantawa shine watanni biyar na farko. Daga ɗan tsako zuwa ƙwan farko sati 18 zuwa 22 ne, kowace sagara zata ci wajen kilo 7 zuwa 8 kafin ta baka komai, guda 50 kenan buhu 14 zuwa 16. In jarinka iya kuɗin 'yan tsaki ne da buhu uku, a wata na uku zaka fara sayar dasu a wulaƙance domin ka ciyar da sauran. Ni a ganina gara ka fara da 20 ka kaisu ƙwai a ƙoshe. Wanda bai taɓa raino ba ya sayi waɗanda aka riga aka raina sati huɗu ko biyar an yi musu rigakafin farko, sun fi tsada amma a satuttukan farko ne mutuwa tafi yawa. In a gauraye suka zo, zakarun ka sayar dasu da sun kai girman yanka kuɗin su ɗauki nauyin matan. Kaza bata buƙatar zakara kafin tayi ƙwai, sai in ƙyanƙyasa ake so, kuma ƙwan da ba zakara ya fi jure zafin nan namu.

Sai ciwo. Duk hunturu sai munji unguwa guda kaji sun ƙare, suna gyangyaɗi, koren zawo, wuya ya murɗe, wannan cutar Niyukasil ce kuma bata da magani in ta shiga, ba barkono ba jan kafso. Rigakafi ne kawai, kuma kuɗinsa bai kai na kaza ɗaya ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI dake Vom a jihar Filato tana yin rigakafin I-2 wanda ake ɗigawa a ido, ya fi jure zafi akan sauran shi yasa ya dace da ƙauye, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu, akwai kuma Lasota da aka fi sani. Ku haɗu da maƙwabta ku sayi kwalba a yi rana ɗaya tunda in an haɗa ta bata kwana, kuma kajin sake dama cuɗanya suke, in na maƙwabcinka basu samu ba kaima baka tsira ba. Ayi kafin sanyi ya shigo, kuma ba'a yiwa wadda ta riga ta kamu. Kazar da aka sayo daga kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta sati biyu. Maganin tsutsar ciki duk wata biyu zuwa uku tunda a ƙasa suke ci. In kuma kaga suna faɗuwa da yawa lokaci ɗaya, zanko ya koma shuɗi, kar ka yanka kar ka ruga dasu kasuwa, ka sanar da ofishin likitan dabbobi, murar tsuntsaye tun 2006 da ta fara ɓulla a jihar Kaduna take tafiya tana dawowa, kuma tana iya kama mutum. Sannan dan Allah in an basu maganin kashe ƙwayoyin cuta a duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin, a bari su cika kafin a sayar da ƙwan, yaran mutane ne zasu ci.

Ƙwan da ya ɓata a ciyawa ko kare ya sha ko yaro ya tsinta, abincinsa kai ka biya. Yawancin kaji da safe suke ƙwai, saboda haka a barsu a akurki da abinci da ruwa har wajen ƙarfe 10 ko 11 sannan a buɗe, gurbi ɗaya ga kaji huɗu ko biyar a lungu mai duhu da ɗan ƙaiƙayi ko buntu a ciki. Da magariba a kulle saboda muzuru da tunku da kuma mai ƙafa biyu. Ranarmu bata wuce awa 12 da ɗan abu, su kuma sun fi ƙwai da hasken awa 14 zuwa 16, ƙaramin ƙwan fitilar sola na awa biyu ko uku yana ƙara wani abu. A watan Maris zuwa Mayu ruwa ya fi abinci muhimmanci, a ajiye a inuwa, na randa mai sanyi, a sake da rana tsaka. Wadda ta daina ƙwai kuma a fitar da ita, ka kama ta ka sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyun nan na gindi, mai yi yatsu biyu zuwa uku suna shiga, wadda ta tsaya da ƙyar ɗaya, zankonta ya ƙanƙance ya koɗe. Wasu iyayenmu mata sai suce ai wannan ta saba dani, toh Hajiya sabo da kaza baya hana yanka, giram 115 ɗin nan kullum sai ta ci.

Wajen sayarwa kar ka ce zakayi gasa da manyan gonaki masu kaji dubbai, su suna sayen masara a tirela. In ka kaiwa dillali kiret ɗinka zai saya a farashinsu ne ribarka ta tafi. Abinda kake dashi da basu dashi shine ƙwai na jiya ko na yau, gwaiduwa ja, kuma ga ka a unguwa. Mai shayi da mai indomi, shagon kan layi, masu yin kek, ma'aikatan da zasu ce a kawo musu kiret duk Juma'a, waɗannan ka nema tun kafin kajin su fara. Ka fasa ɗaya a gabansu su gani. Kar ka dogara da mutum ɗaya, kuma bashi kar ya wuce kiret ɗaya, a biya na baya a ɗauki sabo, domin mai abincin kaji baya karɓar labari. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 masu kaji da yawa ƙwai ya taru musu ba mai saye, waɗanda suke da mutanensu na unguwa sun fi samun sauƙi. Da damina ƙwan zabi yana cika kasuwa shima yana ɗan rage ciniki, da azumi kuma nema yana ƙaruwa, sai ka daidaita lokacin sayen 'yan tsakinka da wannan. Ba'a wanke ƙwai, ruwa yana cire kariyar dake jikin ɓawo ya buɗewa ƙwayoyin cuta hanya, a goge da busasshen tsumma, a jera tsinin yana ƙasa, kuma da zafi kar ya wuce sati a hannunka.

Kashin kaji ku rinƙa sharewa kuna tarawa a buhu inda ruwa baya taɓawa, masu lambu da 'yan fadama suna nema, ko ya rage maka kuɗin taki a gonarka. Littafi kuma ko na ɗan firamare ne a samu, ƙwai nawa yau, abinci nawa aka zuba, nawa aka sayar, nawa aka soyawa maigida, nawa aka baiwa baƙi, ba hana ci nake ba, a ci amma a rubuta, saboda gidaje da yawa da ake cewa kaji basa riba in an duba a kicin ribar ta ƙare. Bayan kamar shekara guda suna ƙwai zasu fara ja baya, sai a sayar dasu a matsayin nama, in an dace da sallah ko Kirsimeti ya fi. Sabbin da zasu maye gurbinsu kuwa dole a sayo su wata biyar kafin nan, lokacin da tsofaffin suke kan biyan abinci, saboda haka tun daga kiret na farko ka rinƙa ware kuɗin ƙwai biyu ko uku daga kowane kiret kana zubawa a asusu ko adashi da sunan sabbin 'yan tsaki.