Saƙa ta tashi daga nishaɗi ta zama sana'a: tambayoyi da amsoshi

Na iya saƙa da kwarashi, amma don jin daɗi nake yi. Yaushe zan fara sayarwa?

Ranar da wadda ba 'yar'uwarki ba, ba ƙawarki ba, ta ga hular jaririn da kika saƙa ta ce nawa ce. Yabon dangi ba ciniki ba ne.

Da me ya kamata in fara?

Da abu ɗaya ko biyu da hannunki ya faɗa a kansu. A Kano kayan jarirai ba sa kwantai: hula, safa, rigar sanyi da shawul, domin suna ba ya yankewa, masu zuwa barka kuma ba sa son zuwa hannu rabbana. Sai dai kayan ulu da lokacinsu. Kasuwarsu da hunturu take tashi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don haka tun Satumba ake tara kaya. In zafin Maris da Afrilu ya kama, ki koma jakunkuna da kayan adon ɗaki na zaren auduga.

Zare fa?

Ki zagaya kasuwannin Sabon Gari da Kwari da Kurmi ki ji farashi, ki yi sari maimakon sayen ɗai-ɗai. Launin da aiki guda zai ci ki saye shi a tashi ɗaya, don wanda za ki samu daga baya yakan ɗan sha bamban. Mai son kayanta su fita daban tana iya kai farin zaren auduga karofin Ƙofar Mata a rino mata shi da baba. Amma ki sani, yawancin ulun kasuwa na roba ne, shuni ba ya kama shi.

Ta yaya zan yanka farashi?

Nan ne abin ya fi damuna. Mata da yawa kuɗin zare kawai suke lissafawa, su ɗora ɗan abin da ba a rasa ba, su ce sun ci riba. Ina maɓalli da leda? Ina kuɗin adaidaita sahu zuwa kasuwa, da datar da kika sa kika ɗora hoto a WhatsApp? Uwa uba, ina awannin da kika yi a zaune, baya na ciwo, ido na yaji? Ki duba agogo in za ki fara, ki rubuta awa nawa shawul ya ci, ki yanka wa kowace awa ladanta. Masu ɗinkin hula a cikin gari sun daɗe a wannan hali: mace ta yi makonni tana dukan allura, riba ta tafi hannun mai sari.

Za a ce miki na gwanjo da na China sun fi araha. Gaskiya ne, kuma ba da su kike takara ba. Mai zuwa wurinki launin da ta zaɓa take so, da girman da ya dace da ɗanta.

Idan 'yan'uwa suka ce in ba su bashi fa?

Ki karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi zaren, kafin ki ɗauki kwarashi. Ki faɗa da fara'a: "Yaya, zaren ma sayo shi zan yi." Kuɗin sana'a kuma kada ya haɗu da na cefane.

Sai na yi rajista?

Ba dole ba ne tun farko. In oda ta fara yawa, ki yi wa sunan sana'arki rajista a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista, da takardar za ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar.