Digiri na biyu a ilimin walwalar ɗan Adam

Digiri na biyu a ilimin walwalar ɗan Adam karatu ne na gaba da digirin farko, a wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam da ke nazarin abin da ke sa rayuwar mutum ta yi kyau: kwanciyar hankali, gamsuwa, kyakkyawar mu'amala da jama'a, da jin cewa rayuwa tana da ma'ana. A yawancin jami'o'in da ke bayar da shi, ana kiransa da gajeren sunansa na Turanci, MAPP (Master of Applied Positive Psychology). Ba a horar da ɗalibinsa don ya yi wa masu taɓin hankali magani. Ana koya masa auna walwala ne, da gwada hanyoyin ƙara ta a makaranta, wurin aiki ko asibiti.

Asalinsa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hankalin masana halayya a Amurka ya karkata ga cuta, domin sojoji sun dawo da firgici da damuwa, kuma can kuɗin bincike ya nufa. Tun a 1954 masanin halayya Abraham Maslow ya koka cewa fannin ya san aibin mutum fiye da alherinsa, amma kukan nasa bai haifar da wani sashe a jami'a ba.

Wanda ya mai da batun fanni mai zaman kansa shi ne Martin Seligman na Jami'ar Pensilbaniya da ke Filadelfiya. Shi kuwa da nazarin yanke ƙauna ya yi suna. A 1967 shi da Steven Maier sun nuna cewa karen da aka saba masa da azabar da ba shi da ikon tsayar da ita yakan daina neman mafita, ko da an buɗe masa hanya. Da Seligman ya zama shugaban ƙungiyar masana halayya ta Amurka a 1998, sai ya sa nazarin ƙarfin mutum da alherinsa ya zama taken shugabancinsa. A Janairun 2000 shi da Mihaly Csikszentmihalyi suka fitar da maƙalar da ake ɗauka a matsayin tubalin fannin.

Pensilbaniya ce ta fara buɗe digirin a 2005, ƙarƙashin jagorancin James Pawelski, wanda asalinsa masanin falsafa ne. Ilona Boniwell ta kafa na farko a Turai a Jami'ar Gabashin Landan a 2007, kuma a shekarar ce Jami'ar Claremont ta Kalifoniya ta buɗe digirin digirgir a fannin, a hannun Csikszentmihalyi da Jeanne Nakamura. Jami'ar Melbon ta Ostareliya ta biyo baya.

Abin da ake karantawa

Matsalar farko da ɗalibi ke cin karo da ita ita ce ma'anar abin da zai auna. Mai jin Hausa zai gane wannan da wuri, don ya san farin ciki daban, jin daɗi daban, wadatar zuci kuma daban. Mutum na iya rasa na farko ya riƙe na uku. Masana sun rabu kusan a kan wannan layin. Ed Diener ya tsaya kan hukuncin da mutum ke yanke wa rayuwarsa da kansa. Ma'aunin da ya fitar da abokan aikinsa a 1985 jimloli biyar ne kacal, mutum ya nuna yardarsa da kowace daga 1 zuwa 7, makin ya kama daga 5 zuwa 35. Carol Ryff ta ga wannan bai isa ba, sai ta kawo ginshiƙai shida a 1989: yarda da kai, kyakkyawar alaƙa da mutane, cin gashin kai, iya sarrafa al'amuran yau da kullum, manufa a rayuwa, da ci gaban mutum a kan kansa. Seligman ya zo da nasa biyar a 2011, wanda ake kira PERMA, daga haruffan farko na sunayensu na Turanci: daɗin rai, dulmiya cikin aiki, zumunci, ma'ana, da cim ma buri.

Dulmiya cikin aiki binciken Csikszentmihalyi ne. Ita ce halin da masaƙi ko ɗan wasa ke shiga idan wahalar aikin ta yi daidai da gwanintarsa, har lokaci ya wuce bai sani ba. Ya auna ta ta hanyar ba mutane 'yar na'ura mai ƙara, duk sanda ta yi kuka su rubuta abin da suke yi da yadda suke ji.

Akwai kuma darasin kyawawan halaye. A 2004 Christopher Peterson da Seligman sun jera halaye 24 ƙarƙashin manya shida: hikima, jarumta, jinƙai, adalci, kamun kai, da dangantaka da abin da ya fi ƙarfin mutum. Sun ce sun tsamo su ne daga tsofaffin koyarwa, ciki har da ta Musulunci, Kiristanci, Yahudanci, Buda, Konfushiyas da falsafar Girka.

Sauran karatun na lissafi ne da dabarun bincike, sai atisayen da ake gwadawa a kan mutane. Fitattu biyu daga binciken da aka wallafa a 2005 su ne rubuta abubuwa uku masu kyau da suka faru kowace rana har mako guda tare da dalilinsu, da rubuta wasiƙar godiya ga wanda ba a taɓa gode masa yadda ya kamata ba, a kai masa hannu da hannu.

Tsari da aikin yi

Na Pensilbaniya shekara ɗaya ne. An tsara shi don ma'aikata: ɗalibai kan taru a jami'ar ƙarshen mako kusan sau ɗaya a wata, sauran karatun ta intanet, a rufe da kundin kammalawa. Ba lallai ne digirin farko ya zama na ilimin halayya ba, shi ya sa ajin kan haɗa malamin makaranta, likita, lauya da jami'in kula da ma'aikata. Yawanci sukan koma aikinsu na da ne da sabon ilimin. Digirin ba ya ba da lasisin duba marasa lafiya. Mai son wannan sai ya bi ta reshen asibiti na ilimin halayya.

Manyan wuraren da aka aiwatar da koyarwar sun haɗa da makarantar Geelong Grammar ta Ostareliya, inda aka horar da malamai daga 2008, da rundunar sojan ƙasa ta Amurka, wadda ta fara shirin koya wa sojoji juriya a 2009.

Suka

Fannin ya sha suka, kuma da yawanta tana da tushe. An soki shirin sojan da cewa an shimfiɗa shi a kan dubban ɗaruruwan mutane kafin a tabbatar yana aiki. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya nuna atisayen suna da amfani, amma kaɗan, ƙasa da yadda aka yi ta yayatawa da fari. Wasu na ganin idan aka ce wa ma'aikacin da albashinsa bai kai wata ba ya riƙa lissafa ni'imomi, an ɗora masa laifin da ba nasa ba. Sannan mafi yawan waɗanda aka yi binciken a kansu mutanen Yammacin duniya ne masu ilimin boko, galibi ɗaliban jami'a. Ma'aunin da ya ɗauki cin gashin kai a matsayin alamar lafiya zai iya yi wa al'ummar da ke girmama kunya da kara mummunar fahimta.

Sukar da ta fi shahara daga cikin ajin ta fito. A 2005 masana halayya Barbara Fredrickson da Marcial Losada sun wallafa cewa akwai wata iyaka ta lissafi, 2.9013: duk wanda daɗin ransa ya ninka ɓacin ransa kusan sau uku zai bunƙasa, wanda ya gaza haka zai tsaya cik. An ambaci maƙalar sau ɗaruruwa, ana kuma koyar da ita. A 2011 wani Baturen Ingila mai suna Nick Brown, wanda ya shafe shekaru yana aikin kwamfuta kafin ya shiga digirin a Gabashin Landan, ya ji adadin bai kwanta masa ba. Da ya bi diddigi, sai ya tarar lissafin an aro shi ne daga na kwararar ruwa da iska, ba tare da hujjar cewa ya dace da zuciyar mutum ba. Ya nemi taimakon Alan Sokal, masanin fiziya, da Harris Friedman, masanin halayya, suka fitar da raddi a 2013 a mujallar da ta buga maƙalar farko. Fredrickson ta janye ɓangaren lissafin, ko da yake ta tsaya kan cewa yawan daɗin rai yana da amfani. Brown ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan a 2019.