Ndar, tsohon birnin Faransawa a Senegal: me za a gani, me za a ci?

Ina ne Ndar?

Ndar shi ne sunan da Wolof ke kiran Saint-Louis, a arewacin Senegal, kimanin kilomita 260 daga Dakar. Faransawa suka kafa shi a 1659 a kan wani siririn tsibiri cikin kogin Senegal, kuma nan ne hedikwatar mulkinsu ta Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902. UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Mutanenmu masu zuwa Maulidin Kaulaha, in da hali, ku ƙara kwana biyu ku leƙa.

Da me zan fara?

Da gadar Faidherbe, ta ƙarfe, wadda aka buɗe a 1897, tsawonta ya haura mita 500. Ana tsallaka ta sai tsibirin, wanda da ƙafa ma za ka zagaye shi, ko ka hau keken doki. Ga benaye masu baranda jere, wasu an gyara, wasu suna zubewa, abin ban tausayi. Babban masallacin da ke arewa kuwa hasumiyarsa har da agogo da ƙararrawa.

Amma kada ka tsaya ga ginin Bature kawai. Da la'asar ka tsallaka zuwa Guet Ndar, unguwar masunta, ka ga kwale-kwale masu fenti suna sauke kifi. Teku na cin gidajen unguwar nan shekara da shekaru. Ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa hoto.

To, abinci fa?

Ai shi ne dalilin zuwa! Nan ne mahaifar ceebu jën, wato shinkafa da kifi, wadda ake danganta ta ga wata mai girki Penda Mbaye, kuma UNESCO ta karrama abincin a 2021. 'Yar'uwar dafa-dukarmu ce, sai dai da ɓarzajjiyar shinkafa ake yi. Ana tsaga kifin a cusa masa dakakken faski da tafarnuwa da barkono, a dafa shi cikin romon tumatir tare da rogo, kabeji, karas da gauta, a tsame, sannan a zuba shinkafar cikin romon ta shanye. Ƙamshin nan mai ƙarfi daga busasshen kifi yake fitowa, shi ne daddawarsu. Kuma ka roƙi ƙanzo, su ma suna ji da shi. A ganina, wanda ya ci ta a babban tire cikin gida, da mutane kewaye, shi ya ci ta gaske.

Abin sha?

Bissap zoɓo ne, bouye kuwa garin 'ya'yan kuka ne aka dama da sukari.

Yaushe ake samun ceebu jën?

Abincin rana ne, don haka ka neme ta bayan azahar. Daga nan sai ataya, shayi zagaye uku, kuma ba a gaggawarsa.