Me ya haɗa Amurkawa da Ingila rigimar haraji kafin yaƙin neman 'yanci?

Tambaya: Wai daga ina rigimar ta samo asali?

Bashi ne ya kawo ta. Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa a 1763, ta yi nasara amma baitulmali ya bushe, ga sojojin da ta jibge a Amurka suna cin kuɗi, sai majalisar Landan tace toh yankuna 13 da Ingila ke mulka a Amurka suma su kawo nasu kason. A 1764 aka taɓa harajin sukari, a 1765 aka kawo dokar hatimi, wato takardar kotu, jarida, har katin karta, duk sai an biya kuɗin hatimi.

Tambaya: Harajin ne yayi musu nauyi?

A'a fa, nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mutumin Ingila ya fi su biyan haraji nesa ba kusa ba. Abinda ya ƙona musu rai shine basu da wakili ko ɗaya a majalisar dake yanke musu kuɗin, kuma gaskiya ni ina ganin hujjarsu, ba'a yiwa mutum aski a bayan idonsa.

Tambaya: Toh ya suka yi?

A Boston, watan Agusta 1765, sun rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya raba hatimin, a jikin bishiya, suka farfasa masa gida, dole ya ajiye aikin. Amma makamin da yafi ciwo shine ƙauracewa kayan Ingila, 'yan kasuwa suka daina oda, mata suka koma kaɗi da saƙa a gida don kada a sayi yadin waje, har 'yan kasuwar Landan da kansu suka fara kuka, a 1766 aka soke dokar. Sai dai a 1767 aka dawo da haraji kan gilashi, fenti, takarda da shayi. Ranar 5 ga Maris 1770 sojoji suka buɗe wuta a Boston, mutum biyar suka mutu, cikinsu akwai Crispus Attucks, mai jinin Afirka.

Tambaya: Shi kuma shayin da aka zubar a ruwa fa?

Dokar 1773 ta ba kamfanin East India damar kawo shayinsa da araha, amma harajin yana nan manne, kaga in ka saya ka yarda kenan majalisar tana da ikon karɓar kuɗinka. Daren 16 ga Disamba wasu suka yi shigar 'yan asalin ƙasar, suka hau jiragen ruwa uku a tashar Boston, suka fasa akwati 342 suka juye a teku. Ingila ta fusata ta rufe tashar jiragen Boston a 1774, sauran yankuna kuwa suka dinga aika musu abinci, wakilan yankuna 12 suka zauna a Philadelphia a watan Satumba. A Afrilu 1775 aka fara harbe-harbe a garuruwan Lexington da Concord, kusa da Boston.