Mista Bean ba bebe ba ne, kuma ba wawa ba ne

Da yawa daga masu kallo sun ɗauka mutumin da ke fitowa a Mista Bean bebe ne ko mai taɓin hankali. Sunansa Rowan Atkinson, haifaffen arewacin Ingila a 1955. Injiniyan lantarki ya karanta a Jami'ar Newcastle, ya yi digiri na biyu a Oxford.

Shirun nan da gangan aka tsara shi. A 1987, a bikin barkwanci na birnin Montreal da ke Kanada, ya nemi a sa shi gaban masu jin Faransanci, don ya gwada ko motsin fuska da gunaguni kaɗai za su ba da dariya. Suka bayar. Shi ya sa ɗan Kano ke kallo ba tare da tafinta ba.

Abin mamaki, shirin na asali kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995. Yawan maimaitawa ne ya sa ake ganin kamar ɗaruruwa ne.

Wanda ke son jin bakinsa ya nemi wani shirinsa na talabijin mai suna Blackadder, inda gatse da baƙar magana ne makaminsa. A 2009 ma har waƙa ya rera a dandamalin Landan, a matsayin Fagin, ubangidan yara ɓarayi a wasan kwaikwayon Oliver.